Ni da Bijimina a Karar Maigatari

Tun da na dawo daga Maigatari ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "Malam Ya'u, yaya ka baro Alhaji Sale? An ce gidansa bene ne?" Bene ne. Na faɗa, na sake faɗa, har bakina ya gaji. To ga shi zan rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in taka kekena lafiya. Amma ku sani tun yanzu, labarin bai fitar da ni da kyau ba.

Sale ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, na ba shi shekara shida. Kakanmu ba mutumin Gagarawa Tasha ba ne, don a ƙuruciyarsa ma babu wata Tasha. Falke ne, yana kora jakuna daga Gumel zuwa arewa, ya kai hatsi ya komo da kanwa da gishiri. Da aka shimfiɗa layin dogo ya ga kayan da jakinsa ke kwana da kwanaki kafin ya kai Kano, jirgi yana kai su yini guda, sai ya sayar da jakunan kaf, ya gina sito a bakin tasha, ya shiga awon gyaɗa. Mahaifinmu ya gaje shi. Ni na taso na riski ƙarshen abin: 'yan dako baƙi ƙirin da gumi, mata masu dafa-duka a jere, Yarabawa da kantunansu, kukan jirgi yana ta da tsuntsaye daga kan kuka. Daga baya gyaɗa ta lalace, jirgin ya riƙa zuwa jefi-jefi, manyan motoci suka bi kwalta suka bar mu da ƙarafa biyu kwance a rana.

Da mahaifinmu ya rasu manyan abubuwa biyu ya bari. Akwai gida da sito a nan bakin tasha, akwai kuma wani fili a Maigatari, rairayi zalla, inda kakanmu yake ɗaure jakuna idan ya yada zango. Dattawa suka ce babba ya fara zaɓa. Ko yawu ban haɗiye ba na ce sito. Na tabbata jirgi zai dawo da ƙarfinsa, har tausayin Sale na ji ranar da ya ɗauki jakarsa ya tafi ganin rairayinsa. Yau kasuwar shanu ta faɗaɗa har ta zo ƙofar wannan fili. Shekara goma sha ɗaya ban taka garin ba. Shi yana zuwa kowace Sallah, ni kuwa kullum ina da uzuri.

Daminar bana katangar sito ta gabas ta zube. Abin da zan taɓa in tayar da ita guda ɗaya ne, bijimin da na yi wata goma sha huɗu ina turkawa, da harawa da dusa, har ina hana kaina abin marmari saboda shi. Mai ɗakina Hansai ta ce in kai shi Maigatari, can ne zai yi daraja. Na yarda da wannan. Sai ta ƙara da cewa, "Ga shi kuma sana'ar ƙanenka ke nan." Wannan rabin maganar ne bai yi mini daɗi ba.

Ranar Laraba da hantsi muka loda shi a akori-kura, mu huɗu, shi ɗaya, kuma da ƙyar muka ci galaba. Na zauna a baya tare da shi, cikin farar shaddar da na ɗinka wa kaina musamman domin tafiyar, da aikin wuya wanda ban taɓa yi wa wani mai biya irinsa ba. A bayan akwai wani tsoho mutumin Ɗanzomo, Baba Nuhu, ya je ganin 'yarsa a wajenmu, yana riƙe da raguna biyu. Ya dubi shaddata ya dubi bijimin, ya ce, "Ɗana, ka matsa daga bayansa." Na ce ai na san halin dabbata. Ba mu kai Gumel ba motar ta faɗa wani rami, bijimin ya firgita, ya sakar mini abin da ke cikinsa tun daga kafaɗa har gwiwa. Baba Nuhu ya juya yana gyara igiyar ragonsa, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

A Gumel taya ta yi faci, muka samu sa'a guda. Na wanke shaddar a bakin famfon wani masallaci, amma kore-koren bai fita ba, ya zauna a kan aikin wuyan daram. Muka sayi gurasa da ƙuli muka zauna a inuwa, Baba Nuhu ya nuna cikin gari da haɓa.

"Ka ga garin nan? Kakana ya ce da duk ayarin da ya fito daga arewa sai ya biyo ta nan, ya kwana, ya yi gaisuwa, ya bar abin da zai bari. Sai ku kuka ƙwace da jirginku. Yanzu Maigatari ta ƙwace muku da kwaltarta. Mu a Ɗanzomo ba wanda ya taɓa ƙwace mana komai, don ba mu taɓa riƙe komai ba sai gero."

Na yi dariya, ko da yake ta ɗan taɓa ni. Ya tambaye ni gidan wa zan sauka. Na ce wajen wani Sale.

"Alhaji Sale mai masauki? Kai, ka dace! Mutumin kirki ne, ɗan asali."

Ban gaya masa cewa ni na goya wannan ɗan asalin ba, kuma ni nake yi masa lissafin makaranta har ya bar ta bai iya ba.

Daga Gumel zuwa Maigatari hanyar ba ta mutane ba ce ranar Laraba, ta dabbobi ce. Tireloli babu kaya suna ta wuce mu, za su je su jira shanun da za su kwasa zuwa kudu. A gefen kwalta garke bayan garke, wasu da ƙafa tun kwanaki. Na ga raƙuma sun fi ashirin a jere, wani Buzu a kan na gaba yana latsa waya. Direbanmu ya ce duk wannan somin-taɓi ne, in bari sai gobe.

Ban sha wahalar neman gidan ba, ina ambaton sunan yara da manya suka nuna. Na sauka na tsaya ina neman rairayin da na sani. Babu shi. Bene ne hawa ɗaya, da dogon zaure, da ɗakunan baƙi a jere kamar na makaranta, a gefe kuma fili cike da turaku. Sale ya fito da gudu, ya durƙusa ya ce, "Yaya, yau kai ne a gidana?" Kowa a wurin Alhaji yake ce masa. Ni na ce, "Sale, ka yi ƙiba."

Bari in bayyana muku sana'ar, don mu nan ba mu san ta ba. Baƙon da ya kawo dabbobi ba ya biyan kuɗin ɗaki, ba ya biyan na abinci. Yana sauka, a ɗaure dabbobinsa a turken mai gida. Mai gida ne zai nemo mai saye, shi zai tsaya wa mai saye cewa dabbar ba ta sata ba ce, shi zai tsaya wa mai sayarwa cewa haƙƙinsa ba zai salwanta ba. In an yi ciniki ya ɗauki la'adarsa. Na dubi shanun da suka cika filin na ce, "Duk naka ne?" Ya yi dariya ya ce, "Ko kaza ba ni da ita a nan, Yaya. Sunana kawai nake sayarwa." Na ɗauka irin maganar masu kuɗi ce, ta ƙanƙan da kai a gaban talaka.

Zauren kuwa duniya ce. Buzaye a kusurwa suna dafa shayi a ɗan ƙaramin buta, sai an sha sau uku ake tashi, na farko ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Na sha ɗaya na kife kofin, aka ce ba a yin haka, na sake karɓa. Mutanen Damagaram suna ta zancen kamyo, sai da aka jima na gane babbar mota suke nufi. Ga Ibo biyu da Bayerabe ɗaya suna Hausa tiryan-tiryan, har da rantsuwa. Aka kawo tire: taliya da naman rago, da dogon burodi mai tauri, da cuku na madara da ake ci da shayi. Mu a gida nama sai Juma'a, in an yi sa'a. Ina ci ina neman aibi. Na duba ko gishiri ya yi yawa, bai yi ba. Na duba ko ginin ya karkace, bai karkace ba. A ƙarshe na gano labulen zauren ɗinkin banza ne, bakinsa bai daidaita ba, na riƙe wannan a raina har ya ɗan sanyaya mini.

A nan aka haɗa ni da Arɗo Buba, wani dattijon Bafulatani daga ƙasar Sule Tankarkar, siriri, mai magana a hankali. Ya kawo shanu goma sha biyu, nasa da na danginsa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce shekara goma yana ɗaurewa a turken Alhaji, bai taɓa kwana da shakka ba, kuma duk Fulanin yankinsu inda ya ɗaure nan suke ɗaurewa. Na ce madalla.

Da la'asar Sale ya ɗauke ni a mota ya kai ni ganin iyakar ƙasa. Ni na zaci katanga zan gani ko wani babban kogi. Sanda ce a gicciye a kan hanya, ma'aikata a inuwa suna duba takardu, a tsallake kuma gero ne irin namu, da mutane irin namu. Ya nuna mini wani mutum da gidansa ke nan, gonarsa ke can, kullum sai ya bar ƙasa sau biyu kafin azahar. Muna tsaye sai Sale ya ce, "Lokacin da aka rufe nan, Yaya, gidana ya koma kamar an yi mutuwa. Wata da watanni ba baƙo ko ɗaya. In na zauna a zaure sai in tuna da sitonka." Jinina ya hau. Na ɗauka ba'a yake mini, wato sitona ne misalin kango. Muka koma gida ina kallon taga.

Alhamis da safe ya same ni wajen bijimina. Ya shafa tozonsa, ya duba haƙora, ya ce, "Ka iya kiwo, Yaya. Akwai wani mutumina da ke neman irin wannan. Bari in sallami Buzayen nan, sai mu fita tare." Ya tafi, ni kuma na tsaya ina saƙa. In ya sayar ya cire la'ada, ƙanena ya ci a kaina. In ya ƙi cirewa, ya yi mini sadaka a gaban mutane. Duka biyun na kasa haɗiya. A kasuwarmu kowa ya san ni, ya san dabbata, tsayawa kake ka sayar da abinka. Na ce me zai hana a nan? Na kwance igiyar, na bi ta ƙofar baya.

Karar Maigatari, wato kasuwar shanun, ba a ganin ƙarshenta. Ƙaho ne iyakar ganinka, da ƙura, da ihu cikin harsuna huɗu ko biyar. Na samu wani gefe na tsaya. Ba a jima ba wani ya zo ya zagaya bijimin, ya daki cinyarsa, idonsa ya nuna yana so. Ya ce, "Turken wa?" Na ce, "Nawa ne, ni ne mai shi." Ya dube ni, ya dubi tabon da ke shaddata, ya wuce. Na biyu haka, na uku haka. Rana ta fara cizo. Sai wani dillali mai fara'a ya zo, ya tambaye ni daga ina, yaushe na shigo, a ina na kwana. Na ce masa wannan ba ya cikin ciniki. Ya ce haka ne, ya tafi. Ya dawo da mutum biyu daga wajen sarkin kara.

Ba su zage ni ba, ba su taɓa ni ba. Suka ce in zo inuwa. Babbansu ya ce kwanan nan an sha kawo shanun sata, don haka baƙon da ya zo da sa irin wannan, ba mai masauki, ba mai shaida, dole a tambaye shi. "Malam, wa ya san ka a garin nan?" Na ce akwai wani Baba Nuhu na Ɗanzomo. Aka ce wane ne haka? Mutane suka fara taruwa, ina jin wani yana cewa dubi rigarsa, da gani a daji ya kwana. Ni da na yi shekara talatin ina ɗinki ba a taɓa cewa na rage ƙyallen wani ba! Na haɗiye abin da zan haɗiye na ce, "Ni wan Sale ne."

"Wane Sale? Garin nan Sale ya fi ɗari."

"Alhaji Sale. Mai masauki."

Wannan ne karo na farko da kalmar ta fita daga bakina. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce wan Alhaji Sale ne zai tsaya a rana da igiya a hannu kamar marar gata? Aka dai aika.

Ya zo da sassarfa, ko hula babu, Arɗo Buba yana biye da shi. Ya ratsa mutane ya durƙusa a gabana cikin ƙurar nan, ya ce, "Yaya, lafiya?" Sannan ya miƙe ya ce musu, "Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan sa kuwa uwarsa jikar saniyar mahaifinmu ce, na san shi tun yana maraƙi." Nan take aka shiga ba ni haƙuri, babban ya cire hularsa yana cewa aikin ne ya gaji haka. Na ce a raina an gama, saura kunya kawai.

Ashe ba a gama ba. Arɗo ya dogara da sandarsa, ya ce a hankali, yadda duk na kusa suka ji, "Alhaji, wanka ya kwana a gidanka, ya ci tuwonka, da safe ya kwance igiyarsa ya tsallake turkenka. Me ya sani a kanka wanda mu ba mu sani ba?"

Na ga dillalai uku sun matso, kunnuwansu a buɗe. Shi kansa Sale bai san dalili ba. Arɗo ya juya ga mutanensa ya yi musu magana da Fulatanci, ban ji duka ba, amma na ga biyu sun nufi gidan Sale, na kuma gane kwance shanu za su yi. A nan maganar jiya ta dawo mini, cewa sunansa kawai yake sayarwa. Ashe ba ƙanƙan da kai ba ne. Ni in katangata ta faɗi ina da sa. Shi in wannan dattijon ya kwance igiya, kafin la'asar duk kara ta ji, kafin mako Fulanin Sule Tankarkar sun canza gida, kuma benen ba zai tsaya masa shaida ba. Ni na jawo, da hannuna.

Ƙarya ta zo mini har baki, in ce gajen haƙuri ne, ko ban san al'ada ba. Amma Arɗo ba yaro ba ne.

Na ce, "Arɗo, dakata. Ka dawo da mutanenka. Yaron nan bai taɓa cin ko allurata ba. Hassada ce." Na ƙara ɗaga murya don kada a ce ba a ji ba. "Hassada ce kawai. Ni na zaɓi gado da bakina, na ɗauki sito na bar masa rairayi. Jirgi ya bar ƙofata, kasuwa ta zo tasa. Shekara goma sha ɗaya na kasa zuwa in kalli gidansa. Yau ma ban so a ce ta hannunsa na samu ba. Babu abin da na sani a kansa sai wannan."

Na miƙa wa Sale igiyar. Bai dube ni ba, ya karɓa da hannu biyu, na ga idonsa ya kawo ruwa.

Arɗo ya dube ni sama da ƙasa. Can ya ce, "In wannan ne, ni ma ina da wa." Dariya ta ɓarke, irin wadda ke sassauta wuri. Ya ɗaga sanda ya kira mutanensa suka dawo.

Kafin azahar an sayar da bijimin, ga mutumin da Sale ya ambata tun da safe. Nawa aka saya? Malam Idi mai shayi, na san kai ne za ka fara tambaya, to ba zan faɗa ba. Ya dai wuce abin da na sa rai. Sale ya cire la'adarsa cif a gaban kowa, kamar yadda yake yi wa kowane baƙo, kuma a duk abin da ya yi mini a tafiyar nan wannan ne na fi gode masa.

Washegari ya raka ni tashar mota. Ya miƙo mini igiyar a naɗe, ya ce in ɗaure wani in kawo. Har na sa ƙafa a mota ya riƙe hannun rigata.

"Yaya, in za ka tayar da katangar, ka fitar mini da ɗaki ɗaya ta gabas. Kaka bai zaci jakuna za su ƙare ba. Baba bai zaci jirgi zai daina tsayawa ba. Ni na ga sandar can ta sauka sau ɗaya, na san yadda zaurena yake in babu kowa. Ina son in san akwai inda zan koma."

Sai a lokacin na gane ba ba'a yake mini ba a bakin iyaka. Na ce to.

Masu tambaya ko na warke, a'a, ban warke ba. Har yanzu in na tuna benen nan da tiren naman nan sai wani abu ya tsunkule ni a ƙirji, sai dai yanzu na san sunansa, rabin Maigatari ma sun sani. Katanga ta kai linta, duk mai wucewa ta bakin tasha zai gani. Ɗakin Alhaji yana ta gabas kamar yadda ya roƙa, da taga mai kallon layin dogo. Hansai ta ce ya yi kyau, na ce ya yi. Amma nawa ɗakin ya fi shi faɗi da taku ɗaya. Ni na auna da ƙafata kafin magini ya iso.